Lambar da Tankari Bai Karɓa Ba

Ina farawa da sunan Allah, Wanda babu abin da ke ɓata a wurinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu, wanda mutanensa suka san shi da riƙon amana tun kafin a aiko shi.

Sunana Rufa'i, mutumin Kano, limamin wani ƙaramin masallaci da ke ƙarƙashin bene a unguwar Mount Hope ta Bronx, cikin birnin New York. Shekara ashirin da shida ke nan ina jan salla a wannan ɗaki, tsakanin bututun ruwan zafi da ƙarar injin wankin maƙwabta. Abin da zan faɗa na gan shi da idona, domin kirana aka yi in zama shaida, kuma bai halatta ga shaida ya ɓoye abin da ya gani ba.

Cikin mutanen sahun gaba akwai Alhaji Zabairu Tankari, Badamagare mai shekara saba'in da biyu. Kafin ya zo Amurka malamin boko ne a Damagaram, Faransanci yake koyarwa, shi ya sa har yau mutanen Nijar Mushe suke kiransa, wato malam da bakin Faransawa. A nan ya sayar da huluna da jakunkuna a bakin titi, daga baya ya yi gadin wurin ajiye motoci har gwiwoyinsa suka gaza. Tsakanin Bakano da Badamagare akwai wasa tun na kakanni, saboda haka ba mu taɓa rabuwa ba tare da tsokana ba. In na sallame salla yakan ce, "Liman, wannan doguwar sura ramuwar gayya ce ko ibada?" Ni kuma in ce, "Mushe, bonjur. Iyayengijinka ba su aiko da burodin yau ba ne, na ga ka kasa tsayuwa?"

Wata Laraba cikin watan Agusta na shekarar 2024, bayan la'asar, mutane suka watse, shi bai tashi ba. Na jefa masa tsokanar da na saba, bai rama ba. Nan na gane akwai magana, na gyara zama.

"Ranar Talata mai zuwa za su tsaga ƙirjina," in ji shi. "Sun ce hanyoyin jini uku sun toshe."

Na yi masa addu'a, na ce likitocin ƙasar nan sun saba da wannan aiki, rai kuma yana hannun Mai shi.

"Ba wuƙar nake tsoro ba, Liman. Wannan nake tsoro."

Ya zaro wata ƴar zabira ta jar fata daga aljihun ƙirji, tsohuwa, ɗinkinta ƙanana a jere. Ya kwance bakinta ya zazzage a tafin hannunsa. Lambar yabo ce ta soja, ta tagulla, mai siffar gicciye da takubba biyu a gicce, rataye da ɗan ƙyalle ja mai ratsin kore wanda ya koɗe.

Sai ya ba ni labarin mahaifinsa, Tankari ɗan Ma'azu, baduku daga Miriya, kusa da Damagaram. Yana da shekara goma sha tara aka ce kowane gari ya kawo samari saboda yaƙin Faransa, aka ɗauke shi daga bakin aikinsa. A shekarar 1944 aka sauke su daga jirgin ruwa a kudancin Faransa. A faɗan da aka yi a birnin Tulon ya goyo wani laftanan da aka harba, ya fito da shi daga cikin wuta, saboda haka aka tara sojoji aka maƙala masa wannan lamba a gaban riga. Suka ci gaba da korar Jamusawa zuwa arewa. Da sanyi ya fara shigowa, nasara kuma ta fara bayyana, sai umarni ya zo cewa a janye baƙaƙen sojoji, su miƙa bindigoginsu da manyan rigunansu da takalmansu ga samarin Faransawa da suka shigo soja a lokacin. Dalilin da aka ba su shi ne baƙar fata ba ta jure sanyi.

"Kuma don tausayin sanyin ne aka tuɓe musu riguna," in ji Zabairu. "Bon. Da aka zo kan babana, sarjan ya karɓi rigar, ya ga lambar a jiki. Ya cire ta, ya jefo masa. Ta faɗi cikin taɓo. Babana ya ce ya ɗauka ne don kada kayan mutane su wulaƙanta a gabansa, amma bai karɓa ba. Ya ce abin da ke maganin sanyi sun karɓe, abin da ba ya maganin komai suka jefo masa."

Tankari bai taɓa rataya ta ba. Ya ɗinka mata zabira ya ajiye. Da ajalinsa ya matso, a shekarar 1983, ya kira Zabairu ya yi masa wasiyya: ya mayar wa Faransawa kayansu, hannu da hannu, ga sojansu mai muƙami, a gaban shaidu biyu, kuma ya isar da saƙon da zai faɗa masa yadda ya faɗa, kada ya ƙara, kada ya rage.

Na ƙirga a zuciyata, na ce, "Shekara arba'in da ɗaya, Alhaji."

Ya sunkuyar da kai. "Gaskiya zan faɗa maka, tun da ba mu san Talata ba. Da farko kunya ce ta hana ni. Ni ne mai koya wa yara cewa babu harshe kamar nasu. Ni ne mai rataya wa yaro ƙashin jaki a wuya in ya yi Hausa a cikin aji, kamar yadda aka rataya mini. Ta yaya zan je in ce musu babana ya ce bai karɓa ba? Daga baya kuma tsoro ne. Ina son zuwa ƙasarsu karatu, na ce in na yi haka za su hana ni biza. Sau uku na nema, sau uku suka hana ni, ba tare da na yi musu komai ba. Da na zo nan sai na ce ai nisa ya yi uzuri. Ka gaya mini, Liman, yana kaina ko ba ya kaina? Ai kyauta ce suka ba shi."

Na auna maganar da kyau, domin fatawa ba abin gaggawa ba ce. Sannan na gaya masa abin da na sani. Kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa. Mahaifinsa ya faɗa da bakinsa cewa wadda aka maƙala masa an cire ta, wadda aka jefo masa kuma bai karɓa ba. Saboda haka ajiya ce a hannunsa, ajiya kuwa mayarwa ake yi. Wasiyyar uba a kan abin da ba saɓo ba kuma nauyi ne a wuyan ɗan da ya amsa zai cika ta.

"Ka amsa masa a lokacin?"

"Na amsa."

"To, yana kanka."

Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda dama ya san amsar. Ya ce Allah Ya kawo hanya, amma hanyar da ƙaya. Ƴarsa Sauda, wadda aka haifa a nan Bronx, take aikin nas a wani asibiti, ta ga sanarwar wata ƙungiya ta Faransawa mazauna New York. Suna shirya liyafar cika shekara tamanin da wannan sauka ta kudancin Faransa, suna neman zuriyar sojojin Afirka. Ta ɗauki hoton lambar ta aika musu. Sun gayyace shi ranar Asabar, shugaban ƙungiyar kuma tsohon kanar ne. Ga soja mai muƙami Allah Ya kawo har gida. Sai dai Sauda ba ta san wasiyyar ba. Abin da ta sani shi ne kakanta jarumi ne, Faransa ta girmama shi. Ta riga ta saya wa uban sabuwar shadda, ta gaya wa abokan aikinta.

Na ce ya kamata ya gaya mata kafin ranar.

"Na gwada jiya. Ta ce, Baba, wannan kaɗai muke da shi na Kaka. Sai na fasa."

Shaida na biyu shi ne Inusah, mutumin Zangon Kumasi, mai tuƙa motar haya, ladanin masallacinmu in yana kusa. Ranar Asabar da hantsi ya ɗauke mu. Ni a gaba, Zabairu da Sauda a baya. Ta sa hijabi ruwan toka, tana ta gyara wa uban wuyan riga. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa, kamar yawancin ƴaƴanmu. Ta tambaye shi me ya sa bai maƙala lambar ba.

"Tana aljihu. In mun je."

"Alaji," in ji Inusah yana kallon madubi, "ka koya mini abin da zan ce in an miƙo mini kwalba. Na ji mutanen nan ko ruwa suka gani sai sun tambayi shekarar da aka yi shi."

"Ka ce mersi, ka kau da kai."

"To in an kawo kwaɗi fa? Maalam, kwaɗo ya halatta ga matafiyi? Daga Bronx zuwa Manhattan ai tafiya ce."

Na ce ya kula da titi, kada ya kai mu lahira kafin a kawo kwaɗin. Sauda ta yi dariya. Zabairu bai yi ba. Tun daga gada har muka isa, hannunsa na dafe da aljihun ƙirjinsa, ban sani ba ko zuciyar yake dafewa ko zabirar.

Zauren yana hawa na biyu na wani tsohon gini. An shimfiɗa fararen ƙyallaye a tebura, an jera kofunan gilashi uku-uku a gaban kowace kujera, ga tutoci a jikin bango. A bakin ƙofa wata dattijuwa mai fara'a ta tarbe mu, ta matso da fuskarta za ta sumbaci kumatuna bisa al'adarsu. Na ja da baya na dafa ƙirji na russuna mata. Ta tsaya da leɓe a tsuke, ta juya ga Inusah, shi ma ya dafa ƙirji, har da ƙarin taku biyu baya. Ba ta yi fushi ba, amma na ga ta dubi hijabin Sauda, ta dube shi kuma, irin duban wanda ya ga baƙo ya shigo da takalmi. Sauda ta lura. Ta ce mini a hankali, "A ƙasarsu da ba zan shiga aji da shi ba." Na ce mata yanzu ba a ƙasarsu muke ba.

Sai shugaban ya zo, Kanar Fabrel, dogo, mai furfura, ƙirjinsa cike da lambobi. Ya riƙe hannun Zabairu da hannu biyu, ya dafa kafaɗarsa, yana magana da sauri. Ba na jin Faransanci, Zabairu ne yake raɗa mini abin da ake faɗa. Kanar ya ce ya san Nijar, ya yi aiki a can, mutane ne masu kirki masu yawan dariya, kuma har yau ya kasa gane abin da ya sa bara suka ce sojojin Faransa su fita, bayan duk abin da aka yi musu. Na tambayi Zabairu me ya amsa. Ya ce, "Na ce masa tafiya ta yi kyau, babu cunkoso a hanya." Ya ƙara da cewa irin maganar da ake yi wa yaro kanar yake yi masa, alhali da wuya in shi Zabairu bai girmi kanar ba.

Aka zaunar da mu a teburin gaba, tare da wasu mutum biyu ƴan Senegal da wata mata ƴar Mali, daidai inda mai ɗaukar hoto zai same mu. Don adalci zan faɗa cewa sun tambayi Sauda tun da wuri, sun tanadar mana kifi da ruwan lemo, ba su sa mana abin da ya haramta ba.

Kanar ya hau mumbari. Ya ce yana tsaye ne a madadin rundunar Faransa, ta jiya da ta yau. Ya karanta sunayen hafsoshin da suka mutu a wannan yaƙi, kowanne da sunan ubansa da garinsu. Na ƙirga da carbina, goma sha ɗaya. Da ya gama ya ce, "da kuma jaruman ƴaƴanmu na Afirka, waɗanda suka zo da son ransu don ƙaunar Faransa." Babu suna ko ɗaya. Aka tafa. Zabairu ya fassara mini "da son ransu" sau biyu, kamar yana ɗanɗana wani abu mai ɗaci.

Sannan kanar ya ce akwai ɗan wani jarumi a cikinmu wanda ya adana lambar mahaifinsa shekara da shekaru, kuma zai zama abin alfahari gare shi ya maƙala masa ita a ƙirji da hannunsa. Sauda ta ɗaga wayarta za ta ɗauka.

Zabairu ya miƙe. Ya ce, "Liman, Inusah, ku taso. Sauda, ajiye wayar, ki zo."

Muka tsaya a gaban mutane kusan ɗari. Ya kwance zabirar, ya fito da lambar. Kanar ya miƙo hannu da murmushi, amma Zabairu bai saki ba. Ya ce wa ƴarsa, "Zan yi magana da Hausa, ki juya musu da Turanci. Duk suna ji."

Da kanar ya fahimta, ya yi dariya ya ce ai an gaya masa Mushe malamin Faransanci ne, ya yi musu magana da harshen da ya haɗa su. Zabairu ya amsa masa da jimla ɗaya cikin Faransanci. Ɗaya daga cikin ƴan Senegal ɗin ya gaya mini daga baya cewa bai taɓa jin an ƙera jimla da tsabta haka ba. Ma'anarta ita ce: saƙon ba nawa ba ne, ni ɗan aike ne, kuma da Hausa aka ba ni shi.

Ya gyara tsayuwa, ya fara. Muryarsa ta canza, ta zama ta wani tsoho da ban taɓa gani ba.

"Ni Tankari ɗan Ma'azu, baduku, mutumin Miriya, ina gaida wanda wannan saƙo ya isa gare shi. Ban zo ƙasarku da son raina ba, igiya aka sa mini. Amma da na zo ban yi ha'inci ba. Na ci abincinku, na yi muku yaƙi da gaskiya, na ɗauko ɗanku a bayana."

Sauda ta juya. Muryarta a sake, har da ɗan murmushi a jimlar ƙarshe.

"Da kuka hango nasara, kuka ce kada a gan mu a cikinta. Kuka karɓi bindigata, ban damu ba, taku ce. Kuka karɓi rigata da takalmina a cikin sanyi. Na naɗe ƙafafuna da buhu. Abokina Illo, mutumin Tanut, bai ga ƙarshen wannan sanyi ba."

Sauda ta fara, ta kai kan takalmi, ta tsaya. Ta juyo ta dubi uban.

"Baba," ta ce, kuma da Hausa ta faɗa, "ba ka taɓa gaya mini ba."

"Ga shi ina gaya miki. Juya musu, uwata. Kada ki rage."

Ta juya musu. Ba ta rage ba.

"Akwai wata tsohuwa a ƙauyen da aka ajiye mu, ban san sunanta ba. Ta ga ƙafafuna, ta kawo mini safar ɗanta da madara mai zafi. Ita na karɓi kyautarta, kuma ina yi mata fatan alheri har yau. Wannan kuwa sarjan ya jefo mini ita a taɓo. Na wanke ta, na adana muku, ban rataya ba ko sau ɗaya. Ga kayanku. Ba na bin ku godiya, ku ma kada ku bi ni."

Da Sauda ta gama, Zabairu ya miƙa hannu da lambar a tafinsa.

Kanar ya mayar da hannayensa baya. Fuskarsa ta yi ja. Ya yi magana da Turanci a wannan karo, don kowa ya ji, Sauda tana juya mana. Ya ce abin da ya faru abin baƙin ciki ne, amma tarihi yana da sarƙaƙiya, kuma zamanin yaƙi ne. Ya ce girmamawar da ƙasa ta yi ba a mayar da ita. Ya ce shi yanzu ba kowa ba ne illa shugaban ƙungiya, ba shi da ikon karɓa. Ya shawarci Mushe ya rubuta takarda zuwa ga hukumar da abin ya shafa.

Hannun Zabairu yana nan a miƙe. Ya dube ni. Na san abin da yake tambaya. A littattafan fiƙihu akwai maganar cewa in mai kaya ya ƙi karɓa, aka ajiye a gabansa babu shamaki, mai ajiya ya kuɓuta. Amma tsohon ya ce hannu da hannu, kuma na san ko na ba shi wannan sauƙi, zuciyarsa ba za ta karɓa ba, da ita zai shiga ɗakin tiyata. Ina cikin neman abin da zan ce, sai Sauda ta matsa gaba. Ta tallafi gwiwar hannun uban da hannunta na hagu.

Da ladabi ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗazu ka ce kana tsaye a madadin rundunar Faransa, ta jiya da ta yau. Duk mun ji. Kuma ɗazu kana da ikon maƙala masa ita. Hannun da ke da ikon maƙalawa yana da ikon karɓa. Ni ce na aiko muku da hoton, don ina son in ga an sa masa ita. Yanzu ba na so. Mahaifina yana da ciwon zuciya, ranar Talata za a yi masa aiki, kuma bai kamata hannunsa ya daɗe a sama haka ba. Amma na san shi, ba zai sauke ba. Ni ma ba zan ce ya sauke ba."

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Dattijuwar nan ta bakin ƙofa ce ta faɗi wata kalma daga inda take zaune, gajeriya, mai kaifi, kamar yadda uwa ke yi wa ɗanta a gaban baƙi. Kanar ya fito da hannunsa na dama. Zabairu ya ɗora masa lambar a tafi, ya naɗe masa yatsu a kanta. Ko kunya ce ta sa ya karɓa, ko ladabi, ko wani abu da ya motsa a zuciyarsa, Allah ne Masanin abin da ƙiraza suka ɓoye, ni ban shaida wannan ba. Abin da na gani shi ne ya tsaya ƙyam, ya tambayi sunan mai saƙon kuma. Sauda ta faɗa masa a hankali, gaɓa-gaɓa, ya maimaita a gaban jama'a: Tankari ɗan Ma'azu, mutumin Miriya. Ta ce, "Da Illo, mutumin Tanut." Ya maimaita wannan ma.

Zabairu ya juyo gare mu. "Malam Rufa'i, ka shaida?"

"Na shaida."

"Inusah, ka shaida?"

"Na shaida, Alaji, duniya da lahira."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. Ya yi wa jama'a sallama da hannu, muka fita. Matar nan ƴar Mali ta miƙe tsaye lokacin da muka wuce teburinta.

Muka shiga mota, muka hau gada. Inusah ne ya fara magana. Ya ce shi dai an zalunce shi, ya biya kuɗin fakin, ya ga kifi da idonsa, an fito da shi bai taɓa ba, kuma in Alaji yana da sauran kayan da zai mayar, ya bari sai an ci abinci. Zabairu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Sauda ta tsawata masa irin ta masu aikin asibiti. Muka biya ta Morris Heights, muka ci shinkafa da wake a shagon wata ƴar garin su Inusah, muka isa masallaci kafin la'asar.

A wurin cin abincin ne ya ciro zabirar, babu komai a ciki, yana juya ta kamar bai san inda zai kai ta ba. Sauda ta karɓa ta duba ɗinkin.

"Wa ya yi wannan?"

"Kakanki. Shi ya jeme fatar, shi ya rina, shi ya ɗinka. Duk Miriya babu mai ƙaramin ɗinki kamarsa."

Ta sa ta cikin jakarta, ba ta nemi izini ba, shi ma bai hana ba.

Ranar Talata da safe na raka shi asibiti. Da za a tura gadon, na karanta masa abin da ya sawwaƙa, na tambaye shi ko akwai sauran abin da ke wuyansa. Ya yi tunani da gaske kafin ya amsa. Ya ce akwai yaran da ya rataya wa ƙashin jaki, bai san inda suke ba, in taya shi roƙa musu alheri da neman yafiyarsu a wurin Allah. Ban da wannan babu.

Aikin ya ɗauki awa biyar. Bayan mako bakwai ya dawo sahun gaba, a kan kujera yake salla. Ranar na ja gajeriyar sura saboda shi. Da na sallame ya ce, "Liman, yau kuma tsoro ne ko tausayi?" Na buɗe baki zan ce masa bonjur, in tambaye shi burodin iyayengijinsa, sai na ga tsokanar ba ta da wurin zama kuma. Na ce masa, "Ɗan Tankari, barka da dawowa." Har yanzu ina neman wata tsokanar da zan riƙa yi masa, domin bai dace Bakano ya bar Badamagare ya huta ba.